Sarkin Hausawan Turumso

Ɗahiru Sha-Tafiya direban tirela ne da ya ajiye sitiyari, amma bai ajiye baki ba. Kullum bayan la'asar yana kan benci a gindin dalbejiyar da ke gaban shagon Audu mai faci a Gyadi-Gyadi, yana zagaya duniya da harshe. Ya je Ikko, ya je Kwatano, ya kwana Abijan, ya sha shayi a Injamena. Duk wannan gaskiya ne, ba zan yi masa ƙage ba. Abu ɗaya ne ba ya son a taɓo: bai taɓa hawa jirgin sama ba, ko na Makka. In jirgi ya keta ta saman unguwa sai ya yi kamar hula yake gyarawa, alhali ido yake bin sa da shi har ya ɓace. Wallahi son hawa jirgin nan ya fi ƙarfinsa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, ƙofofin ƙasashen Turawa suka fara buɗewa. A kasuwar Tarauni akwai wani ɗan kasuwa Ibo, haifaffen Kano, sunansa Osita, mai sayar da busasshen kifin nan mai taurin itace da ake kira okoroko. Shekara goma sha biyu Ɗahiru na ɗauko masa kaya daga Ikko, ko kan kifi ɗaya bai taɓa ɓata ba. To, kamfanin da ke aiko masa da kifin daga ƙasar Nowe suka gayyace shi ya zo ya ga inda ake shanyawa, a wani gari wai shi Turumso, can ƙuryar arewa inda ƙasa ta kusa ƙarewa. Kujera biyu suka bayar. Osita mutum ne mai tuna alheri. Ya tsallake matarsa Chinelo, wadda har ta fara taya rigar sanyi a gwanjo, ya ce da Ɗahiru za shi.

Ran Litinin sai ga shi a gindin dalbejiya da takardu biyu.

"Malam Ɗahiru, ga taka ga tawa. Kowa zai zaɓi inda zai sauka, a mayar musu ta fakis, injin nan mai tura takarda ta waya, su kama ɗaki su sanar da ofishin jakadanci. Ba masauki, ba biza. Wuri uku suka lissafa."

Ɗahiru ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Karanto mu ji. Harkar masauki ai ka zo gidanta."

"Na farko otal ne a tsakiyar gari, kusa da tashar jirgin ruwa."

"A'uzubillahi!" Ɗahiru ya sauke ƙafar. "Otal? Ni da furfurata a ce an gan ni ina fitowa daga otal? In ce wa surukaina me?"

"Haba Malam, ba irin wanda kake nufi ba ne. Ba giya ba kiɗa. Gado ne da banɗaki da abin karyawa."

"Otal otal ne, Oga Osita, ko liman ne ya gina shi. Wuce na biyu."

Na biyu bukkar masunta ce ta katako, an kafa ta kan dirkoki a saman teku. Ɗahiru ya ce shi ba Basarke mai su ba ne, in ya juya cikin barci sai dai a tsamo shi da ƙugiya. Na uku ɗaki ne a kan dutse bayan gari, rufinsa gilas, wai don baƙo ya kwanta yana kallon wani koren haske da ke rawa a sararin samaniya. Ɗahiru ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wannan ai kwanan kasuwa ne aka sa wa gilas, kana kwance taurari na ƙirga haƙarƙarinka.

Audu mai faci ya ɗago daga tayar da yake dannawa cikin ruwa. Shi dama tun suna yara aikinsa ke nan, neman inda Ɗahiru ke yoyo. Ya ce, "To duk ka kushe. A bishiya za ka kwana?"

"Kai, zaman gida ya cuce ka. Bahaushe ba ya kama ɗaki. In ka sauka a gari, ka tambayi zango, a kai ka gaban Sarkin Hausawa, ka faɗi ka yi gaisuwa. Shi ke nan, ga tabarma ga tuwo ga buta. Haka na yi a Kumasi, haka na yi a Duwala. Babu garin da Allah ya halitta da ba zango."

"Har garin da aka ce rana ba ta fitowa wata biyu?"

"To in rana ba ta fitowa ai dare ne. Ina ka taɓa ganin dare ba mai tsire? Inda mai tsire yake, akwai Bahaushe. Inda Hausawa suka kai biyu kuwa, ɗaya sarki ne."

Majalisa ta ɗauki "Haka ne, haka ne." Nan ne ya kamata Ɗahiru ya yi shiru ya ci ribarsa. Amma baki shi ke yanka wuya. Da Audu ya ce, "Kana magana kamar ka san sarkin," sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "Wa? Sarki Bello? Ai kwano ɗaya muka ci tuwo a Abijan kafin ya haura."

Ya fizge biro daga aljihun Osita, ya dafa takarda a cinya, ya rubuta da manyan baƙaƙe: ZANGO, HANNUN SARKIN HAUSAWA. Osita ya dube shi, ya dubi takardar, ya yi wa otal alama a tasa, ya tafi yana kaɗa kai.

Kafin magariba labari ya kai Darmanawa, washegari ya kai Hotoro. Wai Ɗahiru zai sauka a fadar amininsa a Turai. Sai saƙo ya fara zuba. Inna Uwani, wata tsohuwa da ɗanta ya tafi Italiya shekara shida ba wasiƙa, ta zo da ƙullin kuka da daddawa ta ce a kai masa. Wani ya kawo kaset ɗin da ya yi wa ƙanensa magana a ciki, ƙanen yana Jamus. Wani ya kawo takalmi ƙafa ɗaya a nemo masa irinsa. Duk wanda ya ce ko wurin da nisa, sai Ɗahiru ya ce, "Duk Turai ce. Sarki zai tashi dogari ya kai." Ya je wurin tela ya ba da ɗinkin babbar riga ta gaisuwa. Tela ya tambayi awon Sarki, Ɗahiru ya miƙa hannuwa ya ce, "Auna ni. Kamar an tsaga kara muke."

A gida ne kawai abin bai shiga ba. Matarsa Saratu ta tsaya a tsakar gida tana kallon tulin ƙulle-ƙullen da suka toshe hanyar madafi.

"Malam, wane Bello ne wannan? Shekara ashirin da shida ina gidan nan ban taɓa jin sunansa ba."

"Abotar maza ba a kawo ta cikin gida."

"Ta Audu ai kullum tana cikin kwanon tuwona. Ni dai shawara nake ba ka, ka kwana a otal ɗin. Wa zai gan ka a garin da ba rana?"

Ɗahiru ya yi tsaki ya fita, amma maganar ta zauna masa, don dama shirin da ya ɓoye ke nan. In sun sauka, ya laɓaɓa ya bi Osita otal, ya dawo ya ba da labarin fada da dogarai. Wa zai je ya bincika? Ƙulle-ƙullen kuwa, teku ai ba ta ƙin kuka.

Ran Laraba Osita ya dawo majalisa da wata takardar fakis, fuskarsa ba walwala.

"Sun ce sun duba littafin garin kaf, babu masauki mai suna Zango."

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Audu ya ajiye famfo ya gyara tsayuwa.

"Amma," Osita ya ci gaba, "sun ce sun yi cigiya, sun samo mai jin yaren da ka yi rubutu da shi. Mu buga waya ran Juma'a ƙarfe sha ɗaya. Kafin sha biyu suna son amsa ta ƙarshe. In ba masauki, in ba su wani suna a kujerar."

Jama'a, kun taɓa ganin kazar da aka yayyafa wa ruwa ta farfaɗo? Ɗahiru ya miƙe tsaye, ya zagaya bencin sau biyu. "Ban faɗa muku ba? Turawa ba su san zango ba, amma sun san Sarki! Audu, ina bakin naka?" Audu ya koma kan tayarsa. Abin mamaki, daga ranar shi kansa Ɗahiru ya fara gaskata zancen. Ya riƙa tunani, ai kuwa kamar an yi wani Bello a Abijan, wani dogo mai wushirya. Kafin Alhamis ta fita har ya tuna irin miyar da suka ci.

Ran Juma'a shagon buga waya na kasuwar Tarauni ya cika ya batse. 'Yan majalisa sun zo, masu saƙo sun zo, Inna Uwani ta zo da sandarta, masu tumatir sun bar tumatir. Chinelo na tsaye a ƙofar shagon mijinta ta harɗe hannu. Ɗahiru ya iso cikin babbar rigar da aka ɗinka wa Sarki, wai don ta saki jiki kafin a miƙa. Ya umarci mai shago ya kunna lasifikar wayar kowa ya ji, don kada gobe wani mai faci ya ce ƙarya ne. Osita ya danna lambobi masu tsawon jelar saniya. Waya ta fara ƙara. Ɗahiru ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban tebur, ya dunƙule hannu ya ɗaga.

Ana ɗagawa bai jira sallama ba. "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamanin Sarki! Zaki, garnaƙaƙi, bangon baƙi! Bawanka ne Ɗahiru na Abijan yake gaisuwa! Allah ya ƙara wa zango albarka!"

Sai wani ƙugi kamar iska a cikin bututu. Can sai wata siririyar murya ta fashe.

"Wayyo Allah na, Hausa! Baba, don girman Allah ku ƙara faɗa!"

Ɗahiru ya ɗan sauke hannu. Ya waiwayo ya yi wa jama'a murmushi. "Jakadiya ce." Ya juya ga waya. "Yarinya, sannu da aiki. Miƙa wa Sarki."

"Wane sarki, Baba?"

"Sarkin Hausawa mana. Sarki Bello."

"Baba, ni ce dai aka kira. Sunana Omolola, a Darmanawa aka haife ni, babana mai gyaran agogo ne. Karatu nake yi a nan, da yamma ina ɗaure kifi a kamfanin. Suka nuno mini takarda suka ce wane yare ne wannan, ina ganin kalmar zango sai hawaye. Shekara uku ban ji Hausa ba sai in ina yi wa kaina faɗa."

Wani a baya ya ce, "Ikon Allah, 'yar Baba mai agogo ce!" Ɗahiru ya gyara durƙuso, ya ƙara matsawa kusa da waya.

"To, to, madalla. Yanzu kwatanta mana hanyar zango daga tasha."

"Babu zango, Baba."

"Unguwar Hausawa nake nufi."

"Babu."

"Inda masu tsire ke zama."

"Babu mai tsire."

"Mai goro fa? Mai canji? Mai yankan farce?"

"Baba, a iya sanina ni kaɗai ce mai jin Hausa a garin nan. In na yi atishawa ni nake yi wa kaina sannu."

Audu ya kutso kai ta ƙarƙashin hammatar wani. "'Yata, Audu ne mai faci. Ki duba da kyau, wani dogo ne, sun ci tuwo kwano ɗaya da Malam."

"Mai wushirya," in ji Ɗahiru da wata irin murya, kamar mai neman taimako.

"Wallahi Baba da akwai mai tuwo a garin nan da na riga kowa sanin gidansa."

Shago ya kwashe da dariya. Mai shago ya kwanta kan teburinsa yana dukan katako. Inna Uwani ta ratsa mutane da sanda, ta sa baki dab da lasifika ta ce, "Ke 'yar nan, ɗana Sadiq yana Italiya, kina ganin sa?" Omolola ta ce, "Inna, daga nan zuwa Italiya ya yi Kano zuwa Ikko sau uku." Tsohuwa ta juyo ta auna Ɗahiru daga hula har yatsun ƙafa, ta ce, "Dogarin naka a ƙafa zai je ko a jaki? A fito mini da kukata." Mai kaset ya ce a ba shi kaset ɗinsa. Mai takalmi ya ce tun Talata yake yawo da silifas.

Ita kuwa Omolola ba ta san wutar da ta kunna ba, murna kawai take. "Baba, ku saurare ni. Bukkar masunta iska za ta hana ku barci, ɗakin gilas kuma ya yi nisa, mota sau biyu take zuwa a yini. Ku zaɓi otal ɗin nan. Akwai ɗumi, ga kamfani kusa, zan nuna muku alƙibla, zan nuna muku inda ake sayar da shinkafa. Ku dai ku zo. In kun zo ku ne Sarkin Hausawa, ni ce fadawa, ni ce talakawa!"

Dariyar da aka yi a nan har masu kifi na can ƙarshen layi sun ji ta. Ɗahiru na durƙushe, ba takalmi, rigar Sarki ta baje a ƙasa, ya rasa ta inda zai fara miƙewa.

Osita bai yi dariya ba. Ya sunkuya dab da kunnensa da biro a hannu, ya yi ƙasa da murya. "Malam Ɗahiru, sha biyu saura kwata. Ka ce otal in rubuta, mu tafi abinmu. Dariyar nan ta kwana biyu ce. Jirgi fa, Malam. Ni na san kana so."

Yana so kuwa. Wallahi a ransa ya riga ya zauna kusa da taga, ya riga ya ga Gyadi-Gyadi ta koma kamar faifai a ƙasa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da abin da ya shekara talatin yana ɗaga kai yana kallo. Ya buɗe baki, leɓensa har ya yi zagayen "o".

Sai Audu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Oga Osita, kada ka ɓata tawadarka. Malam ba ya kwana a otal ko liman ne ya gina shi."

Idanu suka dawo kansa gaba ɗaya. Ɗahiru ya dubi Audu, ya dubi Inna Uwani, ya dubi masu tumatir. Girman kai rawanin tsiya. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe gwiwa, ya saɓa hannun riga a kafaɗa.

"Zango na ce. In ba zango, su riƙe garinsu."

Osita ya tsaya yana kallon sa, ko zai sake magana. Ɗahiru ya sunkuya ya ɗauki takalminsa. Osita ya ja dogon numfashi, ya soke sunan Ɗahiru a takardar, ya rubuta sunan Chinelo. Tun kafin injin fakis ya gama haɗiye takardar, Chinelo ta kama hanyar 'yan gwanjo.

Ɗahiru ya fito da takalmi a hannu, sai da ya kusa titi ya tuna ya saka. Baƙin cikin da ya ji ranar bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da tirelarsa ta kife a Jeba. A gida Saratu ta ga fuskarsa, ta ajiye masa abinci ta koma ɗaki. Sati biyu bai taka gindin dalbejiya ba, ƙofar gida kawai yake fitowa yana mayar wa mutane ƙulle-ƙullensu. Ranar tafiyar su Osita ma cewa ya yi zazzaɓi yake.

Amma mai hali ba ya barin halinsa. Wata la'asar sai ga shi ya dawo, ya zauna a mazauninsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar jiya ya tashi. Ya bari aka gama gaisawa, ya yi gyaran murya.

"Ku dai shaidu ne. Da kunnenku kuka ji aka yi mini tayin sarautar gari guda a Turai, na ce ba na so. Wani da ya samu ko mai unguwa ne ai da gudu zai karɓa."

Audu bai ko ɗago daga tayarsa ba. "Wace sarauta? Yanzu mulkin farar hula ne, sai da zaɓe. Kuma ƙuri'a ɗaya ce tak a garin."

"To ai ni yarinyar nan ta ba."

"A da ke nan. Osita ya bugo jiya, mai shagon waya ya faɗa mana. Yarinyar ta sauya sheƙa, Chinelo take yi yanzu. Ka tsaya takara ba hamayya, Malam, kuma ka faɗi."

Majalisa ta juyo gare shi. Ɗahiru ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza gefen hularsa. Can ya ɗago, idonsa ya ɗan yi ja.

"Zaɓen da aka yi a garin da ba rana," ya ce, "ai dole a yi maguɗi."